Hayatu a Bakin Bukkar Azumi

Rediyo ne ya faɗa, da hantsi, tsakanin labarin rabon taki da na sababbin kotunan Shari'a. Jirgin ɗaukar kayan nan da ya faɗi gab da Babbar Sallah, in ji mai karanta labarai, injinsa lafiya lau yake. Matuƙan ne suka yi gaggawa. Akwai wasu ƙananan fukafukai da ake saki kafin tashi, su ke taimaka wa jirgi ya ɗaga da nauyinsa. Ba a sake su ba. Jirgin ya ci gudu har ƙarshen titinsa, ya ɗan ɗaga kai, ya dawo ƙasa da mutum huɗu da ragunan layya cike da cikinsa. Babu wanda ya fita.

Malam Hayatu ya kashe rediyon, ya ajiye shi a kan tabarma. Mataimakin matuƙin jirgin ɗansa ne, Abbati. Shi kaɗai ne namiji a cikin 'ya'yansa, kuma shi ne yaron da duk Kaura Namoda ke nuna gidansu da baki a ce ga gidan mai tuƙa jirgin sama.

Kafin Azahar zaure ya cika. Kowa da irin ta'aziyyarsa ta biyu. Wani ya ce ƙarya ce, kamfani ne ke ɗora wa matattu laifi tun da ba su da bakin musu. Wani ya ce hassada ce, an ga ɗan Zamfara ya kai inda ba a so. Hayatu ya gode musu ɗaya bayan ɗaya, kuma da gaske yake godiyar, don ya san ƙauna ce ta kawo su. Amma bai yarda ba. Ya yi rayuwarsa yana tuƙa jirgin ƙasa tsakanin Kaura da Zariya, ya san yadda mutum mai ƙwazo yake tsallake abu guda don yana ganin ya riga ya yi shi. Kuma ya san ɗansa. Tun yana ƙarami a tsaye yake cin tuwo.

Uku daga cikin mamatan ma'aikatan jirgin ne. Kuskuren nasu ne tare, tsakaninsu da Ubangijinsu. Na huɗun ne ya tsaya wa Hayatu a maƙogwaro: Isah, wani saurayi Bafulatanin Katuru, wanda dillalin ragunan ya ɗauka daga Shinkafi don ya zauna da dabbobin a cikin jirgi. Shi bai taɓa komai ba. An ce masa zauna nan, ya zauna. Abbati ne ma ya haɗa dillalin da kamfanin, don ya yi wa mutanen gida alheri.

Bayan La'asar ya tsare liman, Malam Yari, a bakin masallaci.

"Kisan kuskure ne," in ji liman. "Babu zunubin ganganci. Kaffara kuwa, mai yin ta ya riga ya tafi. Saura haƙƙin dangin yaron, ko diyya ko su yafe. Amma ai wannan kamfani zai ji da shi."

"Kamfani ba ya cikin kabari tare da shi, Malam."

Liman ya dube shi. Can ya ce, "To ka je ka same su. Sai dai ka sani, yanzu kotu a buɗe take. In ka kai kanka, suna iya riƙe ka da maganarka."

"Su riƙe."

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, ya fito da sassafe zai tafi tasha, sai ya tarar da tsohuwar Fijo a ƙofar gida. Vincent ne a ciki, yana goge gilashi da tsumma. Tare suka yi aikin reluwe, Hayatu na tuƙi, Vincent na gyaran inji. Da aka ƙaddamar da Shari'a 'yan'uwan Vincent da yawa sun kwashe kaya sun koma kudu. Shi ya ce ba inda za shi, ƙashinsa ya riga ya saba da zafin Kaura. Matarsa Comfort ta rufe ɗakin da take sayar da giya ta koma shinkafa da miya, kuma duk tsawon zaman makokin Abbati ba ranar da kular abincinta ba ta shigo gidan nan ba.

"Wa ya gaya maka?" in ji Hayatu.

"Liman ya gaya wa mai shayi. Mai shayi kuwa ya fi rediyon jiha nisan zango. Shigo, Direba."

"Wagga motar za ta kai Shinkafi?"

"Jirginka na ƙasa sau nawa ya kai Zariya a kan lokaci? Shigo."

Ya shiga. Damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsawo hagu da dama, hanya duk ramuka cike da ruwa. Vincent na ta surutu a kan tsadar taya, Hayatu na jin sa kamar ruwan sama a kan kwano, ba ya bin maganar amma yana jin daɗin ƙarar.

A kara, inda ake cinikin dabbobi, ba su sha wahalar neman dangin Isah ba. Aka nuna musu wani dogon dattijo mai malafa, jingine da sanda a gefen wasu bijimai. Hammadu ke nan, ƙanen mahaifin Isah. Mahaifin ya daɗe da rasuwa.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta shanu da ta ruwa. Sannan Hayatu ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya kawo shi. Bai rage komai ba. Ya faɗi abin da rediyo ya faɗa.

Hammadu ya saurara yana zana ƙasa da bakin sandarsa.

"Mun ji," in ji shi. "Mu ma muna da rediyo. Malam, kai ma ɗa ka rasa. Mu maza tun ranar da anka kawo labari munka bar wa Allah. Ba mu bin ka komai, ba mu bin yaronka komai."

Hayatu ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya ji wani abu ya ɗan sassauta a ƙirjinsa, amma bai sake shi duka ba.

"Uwarsa fa?"

Hammadu ya zare hannunsa a hankali. "Azumi ta koma wajen 'yan'uwanta, ƙasar Zurmi. Rugar Sha'aibu, in ka wuce Moriki."

"Ita ma ta yafe?"

"Ba ta ce komai ba."

"Komai?"

"Tun rannan ba wanda ya ji ta ce uffan a kai. Bar ta, Malam. Maganar maza ta isa."

Ya juya wajen bijimansa, alamar zance ya ƙare. Hayatu ya tsaya cikin taɓo da kashin shanu yana juya maganar. Uwa ta rasa ɗa, wata da watanni, ba ta ce komai ba. Shi a ganinsa wannan ba haƙuri ba ne. Riƙo ne. Kuma riƙon uwa shi ne abin da yake tsoro tun farko.

"Zurmi," ya ce wa Vincent.

"Na ji. Mai zan ƙara tukuna."

Bayan Moriki suka bar titi suka shiga burtali. Ba su yi nisa ba motar ta nutse a wani kwari har gindin ƙofa. Vincent ya fito ya zagaya ta yana yi mata faɗa da yarensu. Kafin su gama shawara wasu manoma sun fito daga cikin dawa, su biyar ko shida, da fartanya a kafaɗa. Ba su tambayi ko su wane ne ba. Suka tattare wanduna, suka sa kafaɗa, taɓo ya wanke musu fuska, motar ta fita. Hayatu ya sa hannu a aljihu, babbansu ya ɗaga masa fartanya.

"Baba, ka dai sa mu a addu'a. Rugar Sha'aibu kuwa, ku bi sawun shanu, kada ku bi na mota."

Rugar bukkoki ne kaɗan a kan tudu, da garke a gefe da wata babbar tsamiya. Sha'aibu, yayan Azumi, ya shimfiɗa musu tabarma a ƙarƙashinta. Aka kawo ruwa, aka kawo fura. Maza uku suka zo suka zauna. Hayatu ya sake faɗin ko shi wane ne, ya ce yana roƙon a kira masa Azumi. Sha'aibu ya ɗan yi jim, kamar zai ce wani abu, sai kuma kunyar baƙo ta hana shi. Ya aika.

Ta zo. 'Yar siririya ce, ba ta tsufa sosai ba, zane baƙi da mayafi shuɗi da ya koɗe. Ta durƙusa daga nesa, a bakin inuwar, ta gaishe su kanta a ƙasa.

Hayatu ya gyara zama. Duk hanya yana shirya maganar, ya sa wa ransa ba zai yi kwana-kwana ba, don kwana-kwana a irin wannan wuri raini ne.

"Baiwar Allah, ni ne uban yaron da ke tuƙa jirgin. Na zo ne a kan ɗanki Isah."

Ta miƙe tsaye kamar an taɓa ta da garwashi. Ta juya.

"Ki tsaya ki ji ni. Isah bai yi laifin komai ba, ɗana ne..."

Ta ƙara sauri. Ta sunkuya ta shige wata bukka, ta ja asabari ta rufe.

Sha'aibu na kallon garke. Ɗaya daga cikin mazan ya tashi ya ce zai duba maruƙa, sauran suka bi shi. Hayatu ya dubi furar da ke gabansa, ƙuda ya riga ya sauka a bakin ƙwaryar. To, ya ji amsa. Bai ga laifinta ba. Da shi ne ita, ƙila ko durƙuson ba zai yi ba. Ya yi wa Sha'aibu godiyar ruwa da inuwa, ya tashi.

"Mu tafi," ya ce wa Vincent.

A jikin motar suka tarar da wata tsohuwa ta jingina, ta tare ƙofar gaba. Gajera ce, fuskarta duk zane, 'yan kunne sun ja mata kunnuwa ƙasa. Kulsumu sunanta, ƙanwar kakar Isah ta wajen uwa. Ba ta gaishe su ba.

"Kai ne Kaɗon da ya zo ya kunyata mu?"

"Inna, ni neman gafara na zo."

"Da wanga bakin? Furfura har a gemu, amma ba a koya maka komai ba. Mi kuke yi a birni, cin shinkafa kawai?"

"Me na yi?"

"Ɗan fari ne." Ta buga ƙofar motar da tafin hannu. "Ɗan farinta. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Ni na yaye shi, a bayana ya girma. Ranar da anka kawo labari ni na yi kuka, ita ta ɗauki ƙwarya ta tafi tatsa. Sai kai ka zo, a gaban yayanta, a gaban maza, ka ce mata ɗanki, ka kira suna har sau biyu. Ina za ta sa fuskarta?"

Hayatu ya san wannan kunya ta ɗan fari. Ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Uwarsa ma haka ta yi da yayansa har ta mutu. Amma ya yi shekaru a barikin reluwe, inda matar kowa ke ƙwala wa ɗanta kira ta taga, matarsa kuma ta rasu tun Abbati na makaranta. Abin ya fita daga kansa. Ko a kara, da Hammadu ya ce ba ta ce komai ba, bai kawo wannan ba.

Vincent ya yi gyaran murya. "Direba, ni fa na ɗauka ka sani. Da ka kira sunan sai da na ji kamar in shige ƙarƙashin tabarma."

"Ka ji," in ji Kulsumu. "Har wanda ba ya salla ya fi ka kunya."

"Ina salla, Inna. Ranar Lahadi."

"Sau ɗaya a mako? Allah ya ba ka lafiya, raggo."

Hayatu bai yi dariya ba. "To yanzu ta yafe ko ba ta yafe ba?"

"Ni na sani? Wa ya taɓa tambayar ta? Maza sun ce sun yafe, sun koma wajen shanunsu. Cikinta ba wanda ya leƙa." Ta ƙare masa kallo. "Da gaske kake son ji?"

"Shi ya kawo ni."

"Ko da ba mai daɗi ba ne?"

"Ko da."

"To zo. Za ka zauna a bayan bukka, ka ba ta baya. Kada ka ce ɗanki. Kada ka kira suna. Ni zan kori kowa. In ka sake yin wauta, da muciya zan raka ka mota."

Ta kai shi bayan bukkar, inda aka jingina karan dawa, ta jefa masa wata tsohuwar fata. Ya zauna, bayansa na taɓa ciyawar bukka. A gabansa ba komai sai gonar da aka bari ba a noma ba, da shanu can nesa, da hadari da ya fara haɗuwa ta gabas. Daga ciki yana jin ƙarar gora, ana girgiza nono don fitar da mai. Ƙarar na tafiya daidai, ba sauri ba tsayawa.

Ya rasa ta inda zai fara. Duk maganar da ya shirya da sunaye a cikinta.

"Akwai wani yaro," ya ce daga ƙarshe. "Nawa ne. Yana da gaggawa tun yana ƙarami. Na yi faɗa, na yi duka, bai bari ba. Ba mugu ba ne. In ya ga mutum a rana sai ya matsa masa a inuwa. Amma rannan an ba shi amanar abu guda ya duba, bai duba ba."

Gora na ta kaɗawa.

"Akwai wani a bayan jirgin, tare da dabbobi. Shi ba ruwansa. Wanda ya yi kuskuren ya tafi, ba shi da bakin da zai roƙa. Ni ne bakinsa. In kotu ake so, zan je da ƙafata. In kuma..."

Ya sunkuyar da kai.

Ƙarar gorar ta ɗauke.

Ya fara zaton ta fita daga bukkar. Sai ya ji muryarta, kusa ƙwarai, kamar ita ma ta jingina da ciyawar daga ciki.

"An ce wuta ta tashi."

"Ta tashi."

"An samu abin da anka wanke?"

Sai a lokacin ya gane. Ba wanda ya gaya mata. An ce mata an rufe shi, shi ke nan, ita kuma ba ta da bakin tambaya. Wata da watanni tana tatsa, tana daka, da wannan tambayar a cikinta.

"An samu," ya ce. "Ni na gani da idona. Na isa can washegari, garin da abin ya faru. Wutar ba ta kai bayan jirgin sosai ba. Fuskarsa na nan. An yi masa wanka, an sa masa likkafani sabo, mutane da yawa sun yi masa salla, sahu ya kai har bakin hanya."

"Wa ya karɓe shi a rami?"

"Babu nasa a wurin, labari bai iso nan ba tukuna. Da na gama sa nawa, sai na shiga na biyun."

"Kai."

"Ni. Na kwantar da shi a kan damansa, na juya shi gabas, na kwance ɗaurin kai. Suna kusa da juna, taku biyu ne tsakani. Ƙasar wurin ja ce, ba irin tamu ba. Akwai bishiyar mangwaro, da yamma inuwarta na kai musu."

Ya ji wani sauti daga ciki, ƙarami, kamar an danne baki da mayafi. Ya kafa idonsa a kan shanu, bai motsa ba. Ya bar ta ta yi abin da ba ta samu yi ba. Can gefe ya hango Kulsumu tsaye da muciya a hannu, ta ba bukkar baya ita ma, tana tsare hanya.

Da muryar ta dawo, ta dushe.

"Na riƙe shi," in ji Azumi. "Ba zan yi maka ƙarya ba. Ban san sunansa ba, ban san kamarsa ba, amma wanda ya sa wancan a cikin abin nan, na riƙe shi. Kullum in na sa goshi a ƙasa sai na ce Allah ya bi mini. Da rediyo ya faɗi abin da ya faɗi, na ƙara."

Hayatu ya runtse ido. Abin da yake tsoro ke nan, kuma gara da ya ji shi.

"Haƙƙinki ne," ya ce.

"Naka ɗin yana da uwa?"

"Ta rasu."

"To wa ke yi masa addu'a?"

"Ni."

"Ta maza gajera ce. Kuna sallamewa kuna neman takalmi."

Bai musa ba.

Iska ta taso ta kaɗa karan dawa. Ya ji ta ja numfashi.

"Tun da suna kwance wuri ɗaya, ba zan iya yi wa ɗaya addu'a in tsallake ɗaya ba. Zan riƙa haɗa su."

Ya gane abin da take nufi. Amma ya yi tafiya mai nisa, kuma ba don kansa ya zo ba.

"Baiwar Allah, ki yi mini haƙuri. Kalmar nake so in ji, don in san abin da zan kai masa."

"Kaɗo dai sai an faɗa masa komai," in ji ta, kuma ya ji kamar akwai ɗan murmushi a cikin dushewar. "Na yafe masa. Duniya da lahira. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Hayatu ya sa fuskarsa a cikin tafukansa. Ya so ya yi godiya irin wadda ta dace, ya nemi kalmomin, ya tarar duk sun yi ƙanƙanta. Abin da ya fito kawai shi ne, "Allah ya saka miki. Allah ya saka miki." Ya yi ta maimaitawa har ya daina jin kansa.

"Tashi ka tafi," in ji ta. "Hadari na zuwa, kwarin nan in ya cika sai gobe."

Gorar ta ci gaba da kaɗawa.

Bai tashi nan take ba. Sai da Sha'aibu ya yi kiran La'asar a gindin tsamiya sannan ya dafa ƙasa ya miƙe. Ya yi alwala da butar da aka miƙo masa. Mazan da suka watse ɗazu sun dawo, ba wanda ya dube shi da wani ido, suka matsa suka ba shi wuri a tsakiyar sahu. Da aka sallame ya zauna ya daɗe. Bai nemi takalmi da wuri ba.

A bakin mota Kulsumu ta tura wa Vincent wani ɗan kwano da aka ɗaure da tsumma.

"Man shanu ne. Ka kai wa matarka, ba kai na ba ba."

"Na gode, Inna."

"Kai kuma," ta juya ga Hayatu, "in ka sake zuwa, ka bar bakinka a Kaura."

"Zan sake zuwa?"

"Wa ya hana ka? Hanya ta Allah ce."

Suka bi sawun shanu suka gangara. Vincent ya ɗauki kwarin da gudu, motar ta yi tangal-tangal ta haye. Sai da suka hau titi ya saki numfashi, ya dubi abokinsa ta gefen ido.

"An samu?"

"An samu."

"To, alhamdu lillahi."

"Yi a hankali," in ji Hayatu. "In liman ya ji ka, Juma'a mai zuwa da kai za a yi sahu."

"Ka gaya masa sai ya biya ni kuɗin mai tukuna."

Ruwan ya sauko kafin su kai Kaura, mai ƙarfi, irin wanda manoma ke so. Abin share gilashin motar ɗaya ne ke aiki, na gefen direba. Hayatu bai damu ba. Ya sauke gilashinsa kaɗan, ya bar feshin yana taɓa masa fuska.